Kwalejojin Jama'a na Ƙasar Amurka: Tarihin Kuɗinsu da Rabon Ɗalibansu

Akwai wani irin makarantu a ƙasar Amurka waɗanda ba a cika jin labarinsu a wajen ƙasar ba. In an yi zancen ilmi mai zurfi a can, abin da kan faɗo wa mutum a rai shi ne Harvard ko Yale, ko wata daga cikin manyan jami'o'in nan masu tarin dukiya. Amma kimanin sulusin ɗaliban da ke karatun gaba da sakandare a Amurka ba su je ko kusa da irin waɗannan ba. Suna cikin wasu kwalejoji ne na shekara biyu, sun kusa dubu, waɗanda hukumomin jihohi da na gundumomi ke riƙe da su, kuma ba su kan mai da kowa baya ba in dai ya gama sakandare ko ya kai shekarun manya. A cikinsu akan sami yaron da ya fita makaranta jiya, da uwar 'ya'ya uku mai neman aikin jinya, da tsohon soja, da baƙon da ya zo koyon Turanci.

Kafin a shiga labari, ya kamata a daidaita suna, domin ba mu da kalma tsayayya a Hausa ga waɗannan makarantu. Kalmar Turanci da ke cikin sunansu tana nufin mutanen da suka haɗa wurin zama. In aka ce "kwalejin al'umma" an ɗora mata nauyin da ba nata ba, gama al'umma ta fi gari faɗi nesa. In kuma aka ce "kwalejin unguwa" an ƙasƙantar da ita, tun da waɗansunsu na da ɗalibai dubu hamsin ko fi. Na zaɓi "kwalejin jama'a" saboda kalmar jama'a ta ɗauko ma'ana biyu tare, watau mutanen wurin, da kuma talakawa gama-gari, kuma duka biyun sun dace da ita. A shekarunsu na farko ana kiransu ƙananan kwalejoji, kuma da wannan suna zan kira su har inda sunan ya sake.

Abin da wannan takarda ke son nunawa shi ne, ba a iya gane dalilin da ya sa ɗalibai da yawa ke shiga waɗannan kwalejoji kaɗan ke fita da takardar shaida, sai an duba yadda aka yi ta biyansu kuɗi tun daga farko.

Asali

Wani abin mamaki shi ne, waɗanda suka fara kawo shawarar kafa su ba tausayin talakawa ne ya motsa su ba. Shugabannin jami'o'i ne da suka ga yadda ake yi a Jamus, inda makarantar sakandare ke gama wa yaro ilmin gama-gari, jami'a kuwa ta tsaya ga bincike da horon ƙwararru. Henry Tappan, wanda ya shugabanci Jami'ar Mishigan daga 1852, da William Folwell na Jami'ar Minesota, wanda ya hau a 1869, duk sun so a ɗauke wa jami'a nauyin ɗaliban shekarar fari da ta biyu, don a ganinsu waɗannan yara ne da ba su isa zama gaban manyan malamai ba. Ba su cim ma burinsu ba. Wanda ya mai da zancen aiki shi ne William Rainey Harper, shugaban farko na Jami'ar Shikago. A 1892 ya raba karatun jami'arsa gida biyu, na ƙasa da na sama, sa'an nan ya shiga lallashin makarantun sakandare na kewaye su ɗauki aikin gidan ƙasa.

A 1901 shugaban makarantar sakandare ta garin Joliet a jihar Ilinoi, mai suna J. Stanley Brown, ya buɗe aji na gaba da sakandare da ɗalibai shida. Wannan aji shi ne ya zama Ƙaramar Kwalejin Joliet, wadda ake lissafa ita ce mafi daɗewa cikin irin waɗannan kwalejoji na hukuma da ke aiki har yau. To, a lura da wurin da aka haife ta. Cikin ginin sakandare take, malaman sakandare ke koyarwa, kuma daga kuɗin sakandare take ci, watau harajin da mutanen gunduma ke biya a kan gidajensu da filayensu. Tun ran gini tun ran zane: kwalejin da aka reno da abincin sakandare an ci gaba da auna mata da mudun sakandare, ko bayan da aka ɗora mata aikin jami'a.

Jihar Kalifoniya ce ta fi kowa rungumar abin. A 1907 majalisarta ta yi doka ta ba makarantun sakandare izinin koyar da darussan shekara biyu na farkon jami'a, amma ba ta ba da ko sisi don wannan ba. Garin Fresno, wanda ke nesa ƙwarai da kowace jami'a a lokacin, shi ya fara amfani da dokar a 1910. Sai a 1917 jiha ta fara ba da taimako, kana a 1921 ta yarda a kafa gundumomi na musamman don ƙananan kwalejoji, ta kuma ware musu asusu daga rabon da take samu na kuɗin man fetur da ma'adinai da ake haƙa a filayen gwamnatin tarayya. Shekara guda kafin wannan, a 1920, shugabannin kwalejojin sun taru a birnin St. Louis suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa baki ɗaya.

Tun a wannan zamani gardama ta tashi a kan mene ne aikin kwalejin. Iyaye da ɗalibai sun ɗauke ta gada ce zuwa jami'a. Shugabannin ƙungiyar kuwa, irin su Leonard Koos da Walter Eells, sun ga cewa mafi yawan ɗalibai ba su ƙetare gadar, saboda haka suka dinga kira a koya musu sana'o'i na tsaka-tsaki, kamar aikin akawu da na mataimakin injiniya, karatu ya tsaya nan. Ɗalibai suka ƙi. Shekara da shekaru suna ta cika azuzuwan da ke kai mutum jami'a, suna barin na sana'a.

Hukumar Truman da yawaitar kwalejoji

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sake fuskar al'amarin. A 1944 aka yi dokar biya wa sojojin da suka dawo kuɗin karatu, fiye da miliyan biyu daga cikinsu suka shiga kwalejoji da jami'o'i, har wuri ya yi kaɗan. A 1946 Shugaba Truman ya naɗa hukumar bincike a ƙarƙashin George Zook, ta kawo rahotonta a ƙarshen 1947. Wannan rahoto shi ya yaɗa sunan kwalejin jama'a. Hukumar ta ce bisa ga gwaje-gwajen da aka yi wa sojoji, aƙalla kashi 49 cikin ɗari na mutanen ƙasar suna da basirar da za su gama shekara goma sha huɗu ta karatu. Ta ba da shawara a shimfiɗa kwalejoji ko'ina yadda ɗalibi zai iya zuwa daga gidansu, kuma karatu ya zama kyauta har shekara ta goma sha huɗu, gwamnatin tarayya ta taimaka da kuɗi.

An karɓi sunan, an karɓi shawarar shimfiɗa kwalejoji. Zancen kyauta da zancen kuɗin tarayya kuwa Majalisar Dokoki ba ta taɓa su ba. Nauyin ya zauna a kan jihohi da gundumomi, kowace ta yi gwargwadon ƙarfinta da ra'ayinta, shi ya sa har yau in mutum ya tambayi yadda ake biyan kwalejin jama'a a Amurka, amsar sai a ce masa wace jiha yake nufi.

Da 'ya'yan da aka haifa bayan yaƙi suka isa shiga kwaleji, sai gini ya kankama. Tsakanin 1960 da 1970 an buɗe sababbin kwalejoji fiye da 450, watau kusan guda kowane mako. Tsarin da ya fi suna a wannan lokaci shi ne na Kalifoniya na 1960, wanda Clark Kerr, shugaban Jami'ar Kalifoniya, ya yi ruwa ya yi tsaki a kansa. An raba ilmi mai zurfi hawa uku. Jami'a za ta ɗauka daga cikin kashi ɗaya bisa takwas na sama na waɗanda suka gama sakandare, kwalejojin jiha daga cikin sulusin sama, sauran duka kuwa ƙofar kwalejin jama'a a buɗe take gare su, ba kuɗin koyarwa, tare da alkawari cewa wanda ya yi ƙoƙari zai wuce sama. Tsari ne mai kyau a takarda, kuma lalle ya ba miliyoyin mutane damar da iyayensu ba su samu ba. Amma kada a manta da lissafin da ke ƙarƙashinsa. Ɗalibi a kwalejin jama'a ya fi arha ga baitulmalin jiha nesa da ɗalibi a jami'a, ga shi kuma harajin gunduma ke ɗauke da babban kashi na nauyinsa. Buɗe ƙofar ƙasa shi ya ba jami'a damar tsuke tata.

Yadda ake lissafa kuɗin ma abin dubawa ne. A Kalifoniya a wancan zamani ana biyan kwaleji bisa ga yawan ɗaliban da suka halarci aji, daidai yadda ake yi wa makarantar firamare. Sauran jihohi kuma yawanci bisa ga yawan waɗanda suka yi rajista. Ma'anar wannan ita ce, in ɗalibi ya shiga ya yi zango ɗaya ya gudu, wani sabo ya maye gurbinsa, kwaleji ba ta yi hasarar kome ba. Malamin aji yana kawo kuɗi, domin ajinsa ake ƙirgawa. Malamin da zai zauna da ɗalibi ya ba shi shawara a kan abin da zai karanta, ko ya neme shi in ya daina zuwa, ba ya kawo kome, ci kawai yake yi. Ba sai an faɗa wa shugaban kwaleji wanda zai fara ragewa ba ran da kuɗi ya yi ƙaranci.

A wannan shekara ta 1960 wani masanin zaman jama'a, Burton Clark, ya fitar da binciken da ya yi a kwalejin San Jose. Ya ce akwai wani aiki da kwalejin ke yi wanda ba a rubuta shi ko'ina ba, shi ne sanyaya wa ɗalibi gwiwa sannu a hankali. Yaro ya zo da niyyar zama injiniya. Sai a yi masa jarrabawa, a tura shi ajin share fage, a gargaɗe shi a kan makinsa, a yi ta nuna masa wata hanya mafi sauƙi, har ya sauka daga burinsa da kansa ba tare da kowa ya ce masa ya fāɗi ba. Bayan shekara ashirin da tara, a 1989, Steven Brint da Jerome Karabel suka faɗaɗa wannan zargi a littafinsu, suka ce kwalejojin sun karkatar da 'ya'yan talakawa daga jami'a zuwa ƙananan sana'o'i. Ni a ganina akwai gaskiya a maganarsu, amma sun tsananta. Da yawa daga cikin waɗanda suka ce an karkatar, in da babu kwalejin jama'a, ba jami'a za su tafi ba, gida za su zauna.

Zamanin tsuke baki

Daga gwamnatin tarayya abin da ya zo a ƙarshe bai zo wa kwalejoji kai tsaye ba. Dokar ilmi mai zurfi ta 1965, da gyaran da aka yi mata a 1972, sun kafa tallafi ga ɗalibi matalauci, wanda daga 1980 ake kira da sunan Sanata Claiborne Pell. Kuɗin yana bin ɗalibi duk inda ya tafi. Wannan ya taimaki ɗalibai ƙwarai, amma ya kuma koya wa jihohi wata dabara: in suka rage nasu kason suka bar kwaleji ta ƙara kuɗin makaranta, wani sashe na ƙarin zai fito daga aljihun tarayya.

Birnin Niyu Yok ne ya fara karaya. Jami'ar birnin, wadda ta ƙunshi manyan kwalejoji da na jama'a, ta buɗe ƙofarta ga duk wanda ya gama sakandare a birnin a 1970. Bayan shekara shida kacal, a 1976, birnin ya kai bakin tsiyacewa, aka soma karɓar kuɗin makaranta, aka kawo ƙarshen al'adar karatu kyauta da ta faro tun 1847.

Na Kalifoniya ya fi wannan girma. A watan Yuni 1978 aka yi ƙuri'ar raba gardama a kan wata shawara da ake kira ta 13, wadda Howard Jarvis ya jagoranta, kusan kashi biyu cikin uku na masu jefa ƙuri'a suka amince. Dokar ta ƙayyade harajin gidaje da filaye kada ya wuce kashi ɗaya cikin ɗari na darajarsu, sai kuɗin da gundumomi ke samu ta wannan hanya ya ragu da fiye da rabi cikin shekara guda. Jiha ta cike sashen giɓin, amma wanda ya ba da kuɗi shi ke da magana. Kwalejin da a da take roƙon maƙwabtanta, mutanen da 'ya'yansu ke cikinta, yanzu sai ta tafi Sacramento ta yi layi tare da gidajen kurkuku da asibitoci da hanyoyi. A 1984 aka soma karɓar kuɗi a kwalejojin jama'a na jihar, dala biyar a kan kowane awon darasi, kada ya wuce dala hamsin a zango.

Wannan komawa ga baitulmalin jiha ta jawo wata cuta da ba ta warke ba. Lokacin da tattalin arziki ya karye, mutane suka rasa aiki, lokacin ne suke tururuwa zuwa kwalejin jama'a don koyon sabuwar sana'a. Kuma lokacin ne harajin jiha ke raguwa, majalisa ke neman inda za ta yanke. An ga wannan ƙarara bayan karayar 2008. Ɗalibai sun yi yawan da ba a taɓa gani ba wajen 2010, kuɗin da jihohi ke bayarwa a kan kowane ɗalibi kuwa ya fāɗi. A Kalifoniya kuɗin awon darasi ya tashi daga dala 20 zuwa dala 46 a 2012, an soke dubban azuzuwa, har yawan ɗalibai ya ragu da wajen rabin miliyan cikin shekara huɗu, alhali masu nema na nan tsaye. A takarda ƙofa na buɗe, amma ba kujera a ciki. Jihar Arizona ma a 2015 ta janye taimakon gudanarwa gaba ɗaya daga manyan gundumominta biyu, Maricopa da Pima.

Da aka fara ƙirga masu fita

Shekara casa'in ɗin farko kusan ba wanda ya tilasta wa kwaleji ta faɗi nawa ne suka gama cikin waɗanda suka shiga. Sai a 1990 aka yi dokar tarayya da ta wajabta bayyana wannan. Ma'aunin farko bai yi wa kwalejojin jama'a adalci ba, domin yana ƙirga sababbin ɗalibai masu karatu cikakken lokaci kaɗai, alhali mafi yawan ɗalibansu suna haɗa karatu da aiki. Amma ko da aka gyara ma'auni, aka bi sawun ɗalibai duk inda suka koma har shekara shida, abin da ya fito bai yi daɗin ji ba: kimanin huɗu cikin goma ne ke samun wata takardar shaida, kowace iri ce. Wajen takwas cikin goma na sababbin ɗalibai kan ce burinsu digirin jami'a ne. Binciken da cibiyar nazarin kwalejojin jama'a ta Jami'ar Kolombiya ta fitar a 2016 ya sami kashi 14 cikin ɗari ne suka kai ga wannan cikin shekara shida, da aka sake lissafi a 2024 kuwa ya zama kashi 16.

Ina ɗalibai ke zubewa? Babban rami na farko shi ne ajin share fage, kuma malaman kwalejin horon malamai za su fi kowa gane wannan. Ɗalibi ya zo, aka yi masa gajeriyar jarrabawa ta lissafi da Turanci a ranar rajista, sau da yawa bai san ma za a yi ta ba. In bai kai ba, sai a tura shi aji ɗaya, ko biyu, ko uku a jere, waɗanda zai biya kuɗinsu amma ba a lissafa su cikin takardar shaidarsa. Thomas Bailey da abokan aikinsa sun bi sawun ɗalibai fiye da dubu 250 a kwalejoji 57, suka fitar da sakamako a 2010. Kusan shida cikin goma an tura su share fage a lissafi, kuma sulusi ne kaɗai na waɗannan suka ƙare jerin azuzuwan cikin shekara uku. Abin da ya fi ba masu binciken mamaki shi ne, waɗanda suka ɓace don ba su yi rajistar aji na gaba ba sun fi waɗanda suka fāɗi jarrabawa yawa. Watau tsawon hanyar ne ya kashe su. Kowane ƙarshen zango wata mararraba ce inda kuɗin haya, ko ciwon yaro, ko sauyin lokacin aiki, ke iya janye mutum.

Wannan bincike ya yi tasiri. Jihar Fulorida a 2013 ta mai da share fage ganin dama ga mafi yawan ɗalibanta, Kalifoniya kuma a 2017 ta yi dokar da ta sa a duba makin ɗalibi na sakandare, a sa shi kai tsaye cikin ajin kwaleji, a ƙara masa sa'o'in taimako a gefe in yana bukata. Yawan masu cin darasin lissafi da Turanci na farko ya ƙaru ƙwarai bayan wannan, ko da yake akwai malamai, musamman na lissafi, da ke kukan cewa an jefa mafi rauni cikin ruwa mai zurfi. Gardamar ba ta mutu ba.

Rami na biyu shi ne yawan zaɓi ba jagora. Kwalejin da ake biya bisa ga yawan masu rajista takan buɗe darussa iri-iri don ta jawo kowa, ɗalibi ya yi ta tsintar wannan da wancan, ya tara da yawa amma ba su haɗu sun zama kome ba. Na uku kuwa yana bakin ƙofar jami'a: ofishin binciken kuɗi na gwamnatin tarayya ya kimanta a 2017 cewa ɗaliban da suka sauya makaranta sun yi hasarar kimanin kashi 43 cikin ɗari na darussan da suka riga suka ci, don makarantar da suka koma ba ta karɓe su ba.

Magunguna uku

Maganin farko da 'yan majalisa suka fi so shi ne a juya lissafin, a biya kwaleji bisa ga masu fita. Jihar Tenesi ta fara gwada wannan da ɗan ƙaramin kashi tun 1979, a 2010 kuma ta ɗora kusan dukan taimakonta a kansa. Jihohi da yawa sun bi. Kalifoniya a 2018 ta tsara kashi 70 bisa ga yawan ɗalibai, kashi 20 bisa ga yawan matalauta cikinsu, kashi 10 bisa ga nasara, Teksas kuma ta sake nata tsarin a 2023. Hankali ya yarda da wannan dabara, amma abin da aka gani bai kai abin da aka zata ba. Binciken da Nicholas Hillman da abokansa suka yi a kan jihar Washinton, wanda ya fito a 2015, ya nuna takardun shekara biyu ba su ƙaru ba, abin da ya ƙaru shi ne ƙananan takardu na 'yan watanni, waɗanda suka fi saurin samuwa kuma suka fi ƙarancin amfani a kasuwar aiki. Ga kuma haɗarin cewa kwalejin da ɗalibanta suka fi talauci ita za ta fi shan hukunci. Sake yadda ake raba tuwo ba ya ƙara yawansa.

Magani na biyu shi ne tsohuwar shawarar Hukumar Truman, karatu kyauta. Tenesi ce kuma ta yi gaba, a ƙarƙashin Gwamna Bill Haslam, da dokar 2014 wadda ɗalibanta na farko suka shiga a 2015, ana biya daga ajiyar kuɗin cacar jiha. Shugaba Obama ya je Knoxville a Janairu 2015 ya yi shelar irin wannan ga ƙasa duka, majalisa ba ta amince ba, haka kuma aka cire shi daga shirin Shugaba Biden a 2021. Kalmar kyauta tana da ƙarfi, kuma ta jawo yara da yawa da ba su yi niyyar zuwa ba. Sai dai a duba yadda aka gina shirin Tenesi da mafi yawan masu kama da shi: suna biyan abin da ya rage ne bayan an cire sauran tallafi. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 matsakaicin kuɗin makaranta a kwalejin jama'a ya kusa dala dubu huɗu, mafi girman tallafin Pell kuwa dala 7,395 ne. Ashe ɗalibi mafi talauci an riga an biya masa kuɗin makaranta, shirin kyauta ba ya ƙara masa kome ko kuwa kaɗan. Abin da ke kayar da shi haya ne, da abinci, da kuɗin mota, da mai riƙe masa yaro, da kuma sa'o'in aikin da zai bari in zai zauna aji.

Magani na uku shi ne wanda ya fi shaida mai ƙarfi, kuma shi ya fi tsada. A 2007 Jami'ar Birnin Niyu Yok ta soma wani shiri da take kira ASAP. Ana sharɗanta wa ɗalibi ya yi karatu cikakken lokaci, ya kuma riƙa ganin malamin shawara a kai a kai. A madadin wannan a yafe masa ragowar kuɗin makaranta, a ba shi littattafai, a ba shi katin shiga jirgin ƙasa da motocin birni kyauta, a kuma tsara masa azuzuwa a jere don ya iya haɗawa da aiki. A shekarun farko na shirin malamin shawara a cikinsa yana riƙe da ɗalibai sittin zuwa tamanin, alhali takwaransa na waje yana da ɗari shida ko fiye da haka. Wata cibiyar bincike mai suna MDRC ta gwada shirin yadda ake gwada magani: aka ɗauki ɗalibai kusan ɗari tara masu bukatar share fage, aka jefa ƙuri'a, rabi suka shiga shirin, rabi suka bi hanyar da aka saba. Bayan shekara uku, kashi 40 cikin ɗari na 'yan shirin sun gama, na ɗaya ɓangaren kashi 22. Kuɗin da aka kashe a kan kowane ɗalibi ya ƙaru da kimanin kashi 60 cikin ɗari, amma da yake masu gamawa sun kusa ninkawa, kuɗin kowace takardar shaida ya sauka. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kwalejin da aka yi shekara ɗari ana yabonta don arha, in aka raba kuɗinta a kan waɗanda suka gama maimakon waɗanda suka shiga, arhar takan ragu ƙwarai.

An ce wataƙila wannan abin Niyu Yok ne kaɗai, birni mai jiragen ƙasa da yalwar kuɗi. Saboda haka daga 2015 aka gwada shi a kwalejoji uku na jihar Ohayo, a Cincinnati, da Cleveland, da gundumar Lorain, aka maye katin jirgi da ɗan kuɗin mai da cefane kowane wata. Sakamakon ya fito kusan iri ɗaya, kashi 35 da kashi 19, ga shi kuwa Ohayo na cikin jihohin da ke biya bisa ga masu fita. Amma abin da jiha ke mayar wa kwaleji a kan kowane ƙarin ɗalibi da ya gama bai rufe abin da ta kashe a kansa ba. Da kuɗin masu taimako ya ƙare, Lorain kaɗai ce cikin ukun ta ci gaba da shirin.